Kowa ya ci zomo ya ci gudu: Emmanuel Wanyonyi da tseren mita 800



Shugaban ƙungiya, malamaina, iyayenmu da suka samu zuwa, yayyena da ƙannena maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Da kwamitin biki ya ce in yi magana kan wasannin motsa jiki, na san abin da yawancinku ke jira: ko tamola, ko kokowa. To ku yi mini haƙuri, yau ba Barsa ba Madrid, kuma ba zancen takobi. Kan gudu zan yi magana, kan wani saurayi ɗan Kenya, sa'an da yawa daga cikinmu, mai suna Emmanuel Wanyonyi.

Akwai dalili. Kwanakin baya wani ƙanenmu na wannan ƙungiya, ba zan kama suna ba, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya tare ni bayan la'asar ya ce: "Yaya, mushenmu na wasanni ya ce ina da gudu. Ni kuwa lakwal ta ishe ni. In na bar ta na kama gudu gadan-gadan, zan kai?" Ranar ban ba shi amsa ba, don tambaya ce da ba a amsa ta a tsaye bakin hanya. Yau na zo da amsar, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Mu fara da tseren kansa. Mita 800 zagaye 2 ne na filin gudu, kowane zagaye mita 400. Kowa na tashi cikin layinsa, bayan kwanar farko sai a haɗu a layin ciki, daga nan kuma sai ture-ture da neman wuri. In kun ga an rubuta 1'41"19, ma'anarsa minti 1 da sakan 41 da kashi 19 cikin 100 na sakan. Mai yin wannan lokaci yana cinye kowace mita 100 cikin sakan 12 da rabi da ɗan ɗori, sau 8 a jere, ba tsayawa. Ku gwada mita 100 guda ɗaya tak a haka gobe da safe, ku zo ku ba ni labari.

Ni na taɓa gwada 800 ɗin ina lise, a gasar makarantu. Abokai na ta ihu, kaina ya kumbura, na tashi kamar an koro ni. Zagayen farko sakan 62, ina gaba, har ina waiwaye. Wajen mita 600 sai ƙafafuna suka zama kamar an ɗaura musu buhun siminti, ƙirjina na zafi, bakina ya bushe. Waɗanda na bari baya suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Zagaye na biyu sakan 77 na yi, jimla 2'19. Da a ce tare muka tashi da Wanyonyi, lokacin da zai tsallake layin ƙarshe ni ina da sauran kusan mita 200. Na faɗa muku wannan don ku san tazarar da ke tsakanin "yaron nan yana da gudu" na unguwa da abin da ake kira matakin duniya.

To wane ne Wanyonyi? An haife shi ranar 1 ga Agusta 2004 a yammacin Kenya, yankin Trans-Nzoia, cikin gida mai ƴaƴa da yawa da talauci mai tsanani. Yana ɗan shekara 10 ya bar makaranta don babu abin biya, ya shiga kiwon shanun mutane ana ba shi abin da bai taka kara ya karya ba. A 2018 mahaifinsa ya rasu. Kuma ba daga ƙabilar Kalenjin ya fito ba, wadda ita ce ta fi fitar da manyan masu gudun Kenya. Shi Baluhya ne, mutanen da ba a san su da dogon gudu ba, shi ya sa da ya fara fita atisaye mutanen garinsu dariya suka riƙa yi masa. Daga baya ya koma makaranta, ya girme ƴan ajinsu, kuma a gasannin makarantu ne aka fara lura da shi. Janeth Jepkosgei, wadda ta ci kambun duniya na mita 800 na mata a Osaka a 2007, tana cikin waɗanda suka kama hannunsa, har ya isa wurin mai horarwa ɗan Italiya Claudio Berardelli a garin Kapsabet. Ku riƙe wannan wuri na komawa makaranta, za mu dawo kansa.

A 2021, yana da shekara 17, ya ci gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Nairobi da 1'43"76. A 2022 a Eugene ta Amurka, gasar duniya ta manya, ya zo na 4, ba lambar komai. A 2023 a Budapest ya samu azurfa. Ranar 10 ga Agusta 2024, kwana 9 bayan ya cika shekara 20, ya ci zinaren Olamfik a Paris da 1'41"19. A Satumban 2025 kuma ya ci kambun duniya a Tokiyo da 1'41"86. Kun ga tsanin: na 4, na 2, na 1. Bai tsallake mataki ko ɗaya ba. Da kuɗin gudun nan ya gina wa mahaifiyarsa gida, yana kuma biya wa ƙannensa makaranta.

Yanzu horon. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tseren da bai kai minti 2 ba shekara guda ake yi ana shirya masa. Abin da ke sa 800 wuya shi ne jiki na aiki da hanyoyi biyu lokaci guda. Akwai ƙarfin da ke zuwa daga iskar da kake shaƙa, wanda zuciya da huhu ke kai wa tsoka ta cikin jini. Akwai kuma ƙarfin gaggawa da tsoka ke fitarwa ba ta jira iska ba, mai saurin ƙarewa, mai barin wannan zafi da nauyin da na ji a mita 600. Fiye da rabin ƙarfin da ake kashewa a 800 daga hanyar farko yake fitowa. Saboda haka wanda ke da saurin ɗan mita 100 kaɗai zai mutu a zagaye na biyu, wanda kuma ke da juriya kaɗai za a bar shi baya tun kwanar farko.

Shi ya sa masu horarwa ke raba shekara gida-gida. Watannin farko na gina tushe ne: dogon gudu a hankali kan hanyoyin ƙasa, hawan tudu a sauko a sake hawa, gudun da ake canza sauri a cikinsa, da ƙarfafa ciki da baya da ƙafafu. In lokacin gasa ya kusanto sai a koma fili, a riƙa maimaita mita 200, 300, 400 ko 600 da saurin tsere, ana auna hutun da ke tsakani da agogo. Ba a jera rana mai wuya biyu. Barci da abinci da hutu duk cikin horon suke, don jiki ba a fili yake ƙaruwa ba, a lokacin hutun da ya biyo baya ne yake gyara kansa.

Kapsabet na da tsayin wajen mita 2000 sama da teku. Yamai kuwa wajen mita 200 take. A can sama kowane numfashi na kawo wa jiki iskar oksijin ƙasa da yadda yake kawowa a nan, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓin. In mutum ya sauko ƙasa yin tsere, wannan ribar na tare da shi. Wani abu kuma, yawancin abokan zaman Wanyonyi a wurin Berardelli ƴan gudun famfalaƙi ne, masu kilomita 42, irin su Evans Chebet da ya ci na Boston a 2022 da 2023. Wanda ya tashi cikin irin waɗannan ba zai raina dogon gudu ba. Kuma an ga shaida. A 2023 yana cikin ƴan Kenya huɗun da suka ci zinaren gudun ba-ni-in-ba-ka a gasar duniya ta gudun daji a Bathurst ta Ostareliya. A Afrilun 2025 a Kingston ta Jamaika ya shiga mita 1500, wanda ba tserensa ba ne, ya doke Cole Hocker da Josh Kerr da Yared Nuguse, wato mutum ukun da suka raba lambobin 1500 a Paris.

Wannan juriya ce ke ba shi damar yin abin da yawancin masu gudu ke tsoro: ya kama gaba ya ja tseren da kansa. A Paris haka ya yi, zagayen farko wajen sakan 50. Na gaba shi ke karɓar iska, ba ya ganin abin da ke faruwa bayansa, in lissafinsa ya kuskure kaɗan to ya zama abincin masu jira. Amma in ya iya riƙewa, ya gajiyar da ƙafafun masu jiran mita 100 na ƙarshe tun kafin su iso wurin.

Su wa ke bayansa? Kada ku ɗauka shi kaɗai ne a fagen. Na farko Marco Arop na Kanada, dogo mai faɗin taki, wanda aka haifa a Khartum a 1998 kafin iyayensa su yi hijira. Shi ya doke Wanyonyi a Budapest. A Paris Arop ya yi 1'41"20, wato kashi 1 cikin 100 na sakan ya raba su. A wannan sauri, wajen santimita 8 kenan, bai kai tsawon salular da ke aljihunku ba. Shekara huɗu na wahala, santimita 8 suka raba zinare da azurfa.

Na biyu maƙwabcinmu ne, Djamel Sedjati na Aljeriya, wanda aka haifa a 1999. Shi mai laɓewa ne, ya bari sai kwanar ƙarshe ya ɓallo. Ranar 7 ga Yuli 2024, a gasar Diamond League ta Paris, ya doke Wanyonyi da 1'41"56 a kan 1'41"58, Gabriel Tual na Faransa na binsu da 1'41"61. Kwanaki kaɗan bayan haka ya yi 1'41"46 a Monako. A Olamfik tagulla ya samu. A Tokiyo kuma Sedjati ya zo na 2 da 1'41"90, Arop na 3 da 1'41"95. Tsakanin na 1 da na 3 bai kai mita guda ba, kuma duk mutum takwas ɗin da suka yi tseren ƙarshe sun sauka ƙasa da 1'43. Ga kuma na baya suna tasowa: a Agustan 2025 wani yaro Ba'amurke, Cooper Lutkenhaus, ɗan shekara 16, ya yi 1'42"27. Wanyonyi da ake kira yaro jiya, yau ga wanda ya girma da shekara huɗu da ɗoriya yana huro masa wuya.

To ina ya dosa? Lambobin zinare biyu mafi girma suna hannunsa. Abin da ya rage shi ne bajintar duniya, 1'40"91, wadda ɗan ƙasarsu David Rudisha ya kafa a Landan ranar 9 ga Agusta 2012. Mafi kyawun lokacin Wanyonyi 1'41"11 ne, ya yi shi a Lausanne ta Suwizalan ranar 22 ga Agusta 2024, daidai da abin da Wilson Kipketer ya yi a 1997. Saura kashi 20 cikin 100 na sakan, kimanin mita 1 da rabi. Za ku ce ai ya kusa. Ku duba tarihi: Sebastian Coe na Ingila ya yi 1'41"73 a 1981. Daga nan zuwa 2012, shekara 31, ko sakan guda cikakke ba a rage ba. Rudisha ya yi zagayen farko cikin 49"28, na biyu cikin 51"63, shi kaɗai a gaba. Wanda zai karya wannan sai ya tashi da wajen sakan 49, kuma ƙafafunsa su ƙi mutuwa a mita 200 na ƙarshe.

In kun tambaye ni, ina ganin zai iya, da yardar Allah. Shekaru na gefensa: Rudisha na da 23 ranar Landan, Coe na da 24 a 1981. Wanyonyi zai kasance da 23 a gasar duniya ta Beijin a 2027, ya kusa 24 a Olamfik na Los Angeles a 2028. Takalman zamani sun fi na da, kuma a gasannin Diamond League ana sa mai jan gudu, wanda a Faransanci ake kira zomo, ya share zagayen farko ya fita, ga fitilu a gefen fili masu nuna saurin da ake nema. Su Arop da Sedjati ma taimako ne, don ba mai fitar da duk abin da ke jikinsa sai ya ji numfashi a bayan wuyansa. Amma fa taron da ke tura shi, shi ne kuma zai iya riga shi. Bajintar na iya faɗawa hannun wani daga cikinsu.

Akwai kuma ramuka biyu a hanya. Na farko ciwo. Rudisha ya rasa gasar duniya ta 2013 saboda gwiwa. Donavan Brazier na Amurka ya ci kambun duniya a 2019 yana da shekara 22, ciwon ƙafa ya cinye masa shekaru, sai a 2025 ya dawo sosai. Na biyu ƙwaya. Nijel Amos na Botsuwana yana da shekara 18 ya zo na 2 bayan Rudisha a Landan da 1'41"73, kowa na cewa shi ne magaji. A 2023 aka dakatar da shi shekara 3 saboda an samu haramtaccen sinadari a jikinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma kada ku ce wannan zancen Turai ne. Tramol ɗin nan da wasu samari ke haɗiya kafin tamola ko aikin ƙarfi, hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Jin zafi yake toshewa, kai ka ci gaba da taka jijiyar da ke shirin tsinkewa.

Yanzu in dawo kanka, ƙanena, da duk mai irin tambayarka.

Ka ce za ka bar lakwal don gudu. Wanyonyi ya yi shekaru yana bin shanu, ƙafafun nan dai su ne, ba wanda ya gan shi. Sai da ya koma aji aka gan shi, don a makaranta ake da mushen wasanni da agogo da gasa da hanyar zuwa matakin jiha da na ƙasa. In ka bar lakwal ka rufe ƙofar da shi ya sha wahala kafin ya buɗe. Kuma lokacin da aka nema don shiga 800 na maza a Paris kai tsaye 1'44"70 ne. A duniya kaf mutane kaɗan ke yin haka a shekara, waɗanda ke ci da iyalinsu daga gudun kuwa ba su da yawa. Wanda ya kai da wanda bai kai ba, duk wata rana ƙafa za ta ce ta gaji, a lokacin takardarka ce za ta riƙe ka.

Ban ce ka bar gudu ba. Kada ma wani ya ce maka ƙasa mai zafi ba ta fitar da masu 800. Lambar Olamfik ta farko da Sudan ta samu a wannan tsere ne, Ismail Ahmed Ismail, azurfa a Beijin a 2008, kuma Abubaker Kaki ya ci kambun duniya na cikin zaure a 2008 da 2010. Mu a Nijar lambobin Olamfik biyu gare mu, tagullar Issaka Daborg a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a 2016. Ta uku ba a rubuta sunan kowa a kanta ba tukuna.

Ga abin da za ka yi. Ka fita bayan asuba kafin rana ta yi zafi, kwana 4 ko 5 a mako, mafi yawansu gudu a hankali wanda za ka iya hira a cikinsa. Gudu mai wuya sau 2 a mako ya isa. Ka sha ruwa sosai, ka ci wake da ƙuli-ƙuli da kwaɗon zogale da fura da nono, ka kwana cikin gidan sauro, don zazzaɓin cizon sauro guda na iya rushe aikin wata biyu. Da azumi ka rage nauyin, ka mai da shi dare bayan an sha ruwa. In ciwo ya wuce kwana 3 ka tsaya ka ga likita. Ka sayi kaye ɗaya ka riƙa rubuta rana da nisa da lokaci. Kada ka yarda kowa ya taɓa maka takardar haihuwa don a rage shekaru. Bayan shekara guda ka kawo mini kayen mu duba tare, agogo ba ya son kai, shi zai gaya mana gaskiyar da abokai ba za su faɗa ba.

Ku kuma shugabanni, ga roƙona. Agogon auna gudu da igiyar awo ba su kai kuɗin lemun da muka sha yau ba. Mu auna mita 400 na gaskiya a filin makarantar unguwa, mu sa tsere duk wata 3, mu rubuta lokutan a littafin ƙungiya, mu nemi mushen wasanni guda ya riƙa duba mana su. Ƙannenmu mata masu so a ware musu nasu lokaci da mai kula da su, da yardar iyaye. Ni na ɗauki nauyin riƙe agogon, tunda dai kun ji yadda tawa ta ƙare a mita 600.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Allah ya ba mu lafiya da haƙurin yin gudun, ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka, ya saka wa waɗanda suka kafa ta da alheri.